Malam Wani Bai Zo Aiki Ba

A ƙauyen Rafin Ɗinya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada kowa ya ɗauki alhakinsa. Yana sallarsa a kan lokaci, yana noman gonarsa, firamare ma ya gama, yana karanta Hausa a hankali yana bin layi da yatsa. Matsalarsa guda ce: maganar da ta fito daga bakinka, yadda ta fito haka zai ɗauke ta, ba ya leƙa bayanta ya ga me kake nufi. Su uku ne a gidan, sai akuya: shi, da matarsa Tasalla mai saurin hannu da saurin baki, da mahaifiyarsa Inna Kulu wadda kunnenta ya yi nauyi. Tasalla ta daɗe da gane kansa. Ba ta ce masa "duba mini tukunya," don zai tsuguna ya yi ta dubanta har ta ƙone. Sai dai ta ce, "In ta tafasa ka sauke, ka ajiye a ƙasa, ka kira ni." Da haka suke zaune lafiya shekara goma sha ɗaya.

Ana nan sai wata ƙungiya mai suna Albarkar Damina, mai raba wa manoma irin masara mai saurin nuna, ta zo neman wakili a ƙauyen. Aka ɗauki Nomau. Kada ku ce iliminsa aka duba, a'a, duk faɗin Rafin Ɗinya a gindin tsamiyar gidansa kaɗai waya take samun sabis. Ita ƙungiyar ba ta da ofis. Ma'aikatanta goma sha huɗu ne har da Nomau, kowa yana garinsu: shugabarsu Hajiya Luba tana Kaduna, Malam Tasi'u mai kula da sito da motoci yana Kano, sauran sun warwatsu. A guruf ɗin waya suke haɗuwa, a can ake ba da aiki, a can ake karɓar rahoto, ran Litinin kuma a yi taro ta bidiyo. Aka ba Nomau waya, aka ce gwajin wata uku zai yi. In irin ya shiga hannun manoma kafin ruwan shuka, aiki ya zama nasa. Ya rungume wayar nan yana murna, don tun da yake ba a taɓa kiransa wakilin komai ba.

Wata rana, ranarsa ta farko ke nan, Hajiya ta rubuta masa: "Barka da zuwa Nomau. Aikinmu na daga gida ne. Ka fara yau, ka turo hoton abin da ka yi." To, wayar Hajiya ba ta sa wa haruffa ƙugiya, mai karatu ne yake sawa da kansa. Nomau ya karanta sau uku, ya sa ƙugiyarsa, ya ga an ce aikin na ɗaga gida ne. Ya cire riga, ya kwaɓa ƙasa, ya hau katanga. Kafin la'asar ya ƙara mata sahu uku. Ya ɗauki hoto ya tura guruf. Nan take sai ga alamar babban yatsa tana ta faɗowa, har goma sha uku; wannan ya rubuta "Na gani," wancan ya rubuta "Masha Allah, aiki ya yi kyau." Wallahi babu wanda ya buɗe hoton. Nomau kuwa da ya ga yabo sai ya ƙara himma: washegari ya ɗaga rumbu ya sa masa duwatsu, rana ta uku ya kama ɗakin Inna Kulu. Tasalla ta riƙe haɓa.

"Malam, wai wannan wane irin aiki ne?"

"Na zamani ne, ba za ki gane ba."

Sai da aka yi mako biyu Hajiya ta nemi sunayen manoma, ya tura mata hoton sabon rufi, sannan ta kira shi aka warware. Ta ce, "Ba matsala." Nomau ya ji daɗi, bai san a ƙungiyar nan sai ran mutum ya gama ɓaci yake cewa ba matsala ba.

Wata rana ana taron Litinin, fuskoki a ƙananan akwatuna, rabinsu ma sun rufe kyamara suna harkar gabansu. Hajiya tana tsakar jawabi akuyar Nomau ta ɓarke da kuka, Inna Kulu ta leƙo tana tambaya da ƙarfi, "Su waye waɗannan aka tsare a cikin madubi? An ba su abinci kuwa?" Hajiya ta gaji. Ta ce, "Nomau, don Allah ka rufe bakinka daga can, kada ka buɗe sai na ce." Ɗan maɓallin kashe murya take nufi, amma ina! Nomau ya damƙe leɓɓansa. Taro ya tashi, kowa ya kama gabansa, Hajiya ta manta da shi. Kwana uku bawan Allah bai ce uffan ba. A gaishe shi ya ɗaga hannu, kunu kuwa da kara yake zuƙa ta gefen baki. Inna Kulu ta ce iska ce, a nemo turare. Tasalla dai ta san mijinta. Ta miƙa masa gawayi ta ce ya rubuta a bango wa ya sa shi, ya rubuta. Ta ɗauki wayar ta tsaya gindin tsamiya.

"Hajiya, Tasalla ce, matar Nomau. Don Allah ki ce ya buɗe."

"Ya buɗe me, baiwar Allah?"

"Bakin da kika rufe ran Litinin kika tafi abinki. Hajiya, in kin sa mutum abu ki riƙa gaya masa inda zai tsaya."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya buɗe. Maganar Tasalla ta ƙarshe kuwa ba ta ji ba, tana can tana amsa wani saƙon.

Wata rana Hajiya ta rubuto: "Nomau, ka ja kunnen manomanku sosai, kada wanda ya shuka tsohon iri bana. Namu yana tafe." Nomau ya ce to. Ran Juma'a da aka idar da salla ya tsaya a bakin ƙofar masallaci, duk wanda ya fito ya kama kunnensa ya ja, yana cewa, "Kada a shuka tsohon iri, saƙon Hajiya ne." Da yake an ce sosai, bai yi da wasa ba. Ya ja na tela, ya ja na ladan, sai ga mai unguwa Jibo ya fito da rawaninsa. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe, ya laluba cikin rawani ya samo kunnen. Tabɗi! Da ba don liman ya shiga tsakani ba da ranar an yi abin kunya. Abin mamaki, saƙon ya shiga, don wanda aka ja wa kunne a gaban jama'a ba ya mantuwa. Mutane suka sauke masarar iri da suka rataye tun kaka, wasu suka kai niƙa, wasu suka kai kasuwa. Mai unguwa ya aika aka kira Nomau, kunnensa na dama bai daina zafi ba. Ya ce, "Ka ga garin nan? Babu mai ƙwayar iri a gidansa yanzu, kuma a kan maganarka ne. In ruwa ya sauka irin Hajiyarka bai zo ba, ka nemi garin da za ka zauna." Nomau ya koma gida, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana Hajiya ta yi musu jawabi a kan zumunci. Ta ce, "Mu nan ba abokan aiki ba ne, dangi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya sami ɗaya ya sami kowa." Nomau ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa, ga shi dama shi kaɗai Inna ta haifa. Daga ranar komai ya faru a gidan sai dangi sun ji. Akuya ta haihu, ya sanar, yatsa goma sha uku. Inna ta yi mura, yatsa goma sha uku. Ran nan kawunsa da ya riƙe shi tun yana ƙarami ya rasu, ya rubuta yana hawaye: "Innalillahi, Allah ya yi wa Kawu rasuwa da safen nan." Yatsa goma sha uku. Ɗaya ma ya ƙara da "Masha Allah, a ci gaba da ƙoƙari." Nomau ya aro tabarmi ya shimfiɗa a ƙofar gida yana jiran dangi su zo gaisuwa, har aka yi bakwai ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Tasalla, anya danginmu suna son Kawu?"

"Malam, ba su karanta ba ne."

"Haba ke kuwa! Sun fa ce sun gani."

Akwai dai mutum ɗaya a ƙungiyar da Nomau yake girmamawa fiye da kowa, duk da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Hajiya tana da ɗabi'ar turo saƙon murya na minti goma sha biyu, tana tuƙi tana magana, rabi gaisuwa rabi faɗa da masu babur. Sauran ma'aikata sukan saurari sallamar, su rubuta "Na gani," su ajiye waya. Nomau kaɗai yake sauraro daga farko har ƙarshe, a tsaye, hularsa a hannu. Can wajen ƙarshe kullum yakan ji aikin ranar: "Wani ya haɗa rahoton makon nan." "Wani ya duba takardun sito." "Wani ya tuna mini ran Laraba." Nomau ya jinjina kai. Ashe akwai ma'aikaci mai suna Wani, kuma duk aikin ƙungiyar a wuyansa yake! Ya rubuta a guruf: "Ina gaida Malam Wani, Allah ya ƙara masa ƙarfi." Yatsu suka faɗo. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya bai ga na Malam Wani ba, ya ce aiki ne ya yi wa bawan Allah yawa.

Wata rana, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Hajiya ta turo saƙonta. A minti na sha ɗaya ta ce, "Wani ya kira direba ya kwashi irin Rafin Ɗinya daga sito gobe." Kowa ya rubuta ya gani. Hankalin Nomau ya kwanta, tunda an danƙa wa Malam Wani. Bayan kwana biyar Hajiya ta tambaya, "Tasi'u, ina maganar iri?" Shi Malam Tasi'u bai saurari saƙon ba, a ƙungiyar kuwa cewa "ban sani ba" abin kunya ne, sai ya rubuta, "Ana kai, Hajiya." Nufinsa ana kan maganar. Hajiya ta karanta ana kai kaya. Ta ba motar kwana biyu a ranta, sannan ta rubuta: "Alhamdulillahi, iri ya isa Rafin Ɗinya. Kowa ya amsa. Ran Alhamis za mu yi wa Alhaji Nababa albishir." Alhaji Nababa shi ne dattijon da ya kafa ƙungiyar, sau ɗaya yake shiga taro a wata uku.

"Na gani" ya fara zuba, har goma sha biyu. Nomau ya ajiye waya ya fita. Ya duba hanya, ya leƙa zauren mai unguwa, ya dawo ya leƙa rumbunsa ko an sa bai sani ba. Sannan ya zauna ya rubuta, "Ban gani ba." Wannan karon ko yatsa ɗaya bai faɗo ba. Hajiya ta kira shi ranta a ɓace.

"Nomau, a guruf ba a cewa ban gani ba, zubar mana da mutunci kake yi. In ba ka gani ba ka je ka gani, sannan ka rubuta. Kafin Alhamis. In ba haka ba gwajinka ya ƙare."

Saƙon da ke saman guruf take nufi. Nomau ya maimaita wa Tasalla maganar kalma-kalma. Ita ta gane sarai abin da Hajiya take nufi, amma sai ta ɗaga kai ta dubi hadarin gabas, ta dubi mijinta. Ta ce, "Yadda ta ce haka za ka yi, Malam. Ka bi hanyar da irin zai biyo, ka yi ta tafiya, kada ka tsaya sai ka gan shi da idonka." Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda.

Ya taka har bakin titi. A tasha ya tambayi 'yan kamasho ko sun ga Malam Wani da motar iri, suka ce ba su san shi ba. Ya shiga mota, duk garin da aka tsaya sai ya sauka ya tambaya, direba yana masa tsawa. Ran Alhamis da hantsi ya iso ƙofar sito a Kano, ƙafarsa ta yi futu-futu. Wani tsoho mai gadi ya buɗe masa. Ga buhuna nan jibge har kusa da rufi, kowanne an rubuta masa Rafin Ɗinya, gizo-gizo har ya yi saƙa a tsakaninsu.

"Baba, Malam Wani bai zo ba?"

"Shekarata shida ina gadin nan, ɗana, ban taɓa ganin mai wannan suna ba."

Ƙarfe goma aka buɗe taro. Yau kowa ya kunna kyamara, an sha kwalliya, saboda Alhaji. Hajiya ta yi bayani mai daɗi: iri ya isa, manoma suna ta godiya, ma'aikata duk sun tabbatar. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Ina wakilin ƙauyen?" Sai ga fuskar Nomau ta cika akwatinsa, yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, Hajiya, yanzu na gani!"

Ya juya wayar, ya bi rubutun buhu da yatsa yana karanta musu a hankali. Alhaji ya matso da fuskarsa. "Ina ne nan, Nomau?"

"Sito ne, ranka ya daɗe. Kano."

Kai! Kyamara uku suka mutu nan take. Malam Tasi'u ya sandare fuskarsa wai sabis ne ya tsaya, ya manta fankar da ke bayansa tana ta juyawa.

Alhaji ya ce, "Wa aka ba aikin kai irin?"

Nomau ya cire hula. "Malam Wani ne, ranka ya daɗe. Amma don girman Allah kada a yi masa faɗa. Rahoto shi, takardu shi, kiran direba shi, tuna wa Hajiya abu ma shi. Mutum ɗaya ne fa! Mu goma sha huɗun nan gani kawai muke yi. Ina jin ma ba shi da lafiya, don mai gadi ya ce bai taɓa zuwa aiki ba. Da za a taimaka a je a duba shi, ai dangi ne."

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Luba, a cikinku wane ne Wani?" Hajiya ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta. Alhaji ya ce, "To. Tasi'u, daina riƙe numfashi, da kai nake. Ka kawo mota sito kafin azahar. In ta tashi ka kira ni. In ta isa, Nomau ya kira ni."

Kafin azahar mota ta zo. Nomau ya ƙi shiga gaba, ya hau kan buhuna ya zauna, wai kada ya daina gani. Ran Juma'a aka raba iri a ƙofar mai unguwa, ran Asabar da la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Mai unguwa Jibo ya ɗauki buhunsa, ya shafa kunnensa na dama, ya ce, "Sannu, Wakili." Aiki ya zama na Nomau. Hajiya ta kira shi da kanta ta yi masa gaisuwar Kawu, bayan an yi arba'in da kwana biyu, ya amsa yana share hawaye. Saƙonta na murya ya koma minti biyu, kuma kowane aiki da sunan mai shi: Tasi'u ka yi kaza kafin Laraba, in ka gama ka ce.

Amma shi Nomau ransa bai yi daɗi ba. Masara ta tsiro, gonaki sun yi kore, shi yana zaune gindin tsamiya ya yi tagumi. Tasalla ta kawo masa fura ta ce, "Me kuma ya faru, Malam?"

"Sun kori Malam Wani. Mako uku ke nan ban ji an ambace shi ba. Mutumin da ya fi kowa aiki, ni na jawo masa."

Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, sai ta fasa. Ta ce, "Ƙyale shi ya huta, ai ya sha wahala."

Nomau ya kurɓi fura, ya ɗauki waya, ya rubuta a hankali: "Don Allah duk wanda ya ga Malam Wani ya ce ina gaishe shi." Mutum goma sha uku suka karanta saƙon nan har ƙarshensa. Ya jira har rana ta faɗi, babu wanda ya rubuta "Na gani."